Ramin da Landan ta haƙa wa ƙazantarta a ƙarƙashin Kogin Thames

A ranar 7 ga watan Mayun 2025, Sarki Charles na Uku ya je bakin Kogin Thames, daura da gadar Blackfriars, ya ƙaddamar da wani aiki da ba wanda zai iya nuna masa shi da yatsa. Abin da ido ke gani a wurin bai wuce sabon dandali da kujerun shan iska ba. Aikin kansa yana can ƙasa da gindin kogin: rami ne mai tsawon kilomita 25, faɗinsa a mafi yawan hanyar mita 7.2, wato motocin bas uku na Landan za su jera a ciki kafaɗa da kafaɗa. Ba jirgin ƙasa zai bi ta ciki ba, ba mota ba. Bahaya da ruwan wanke-wanke da ruwan sama aka haƙa wa shi. Sunansa Thames Tideway, kuma ya ci fiye da fam biliyan huɗu da rabi.

Kafin a gane dalilin da zai sa birni ya binne irin wannan dukiya a inda ba za a sake ganin ta ba, sai an koma shekarar 1858.

A farkon ƙarni na 19 gidajen Landan shadda suke da ita, kamar 200,000 a faɗin birnin, kuma akwai masu sana'ar kwashe ta da dare su kai wa manoma taki. Magudanan da ke ƙarƙashin tituna na ruwan sama ne kawai. Sai masai mai jan ruwa ya shigo gidajen masu hali, shaddodi suka riƙa cika suna tumbatsa, hukuma ta ce to kowa ya haɗa bayan gidansa da magudanar titi. Magudanan kuwa duk kogi suka nufa, kogin da kamfanonin ruwa ke ɗiba su sayar wa mutane su sha. Kwalara ta kashe mutum fiye da 14,000 a 1848 zuwa 1849, ta dawo a 1853 zuwa 1854 ta kwashi fiye da 10,000. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida a unguwar Soho ya nuna cewa daga famfon titin Broad cutar ke fitowa, amma manya ba su saurare shi ba, domin a lokacin an ɗauka wari ne ke kawo annoba.

Warin ne dai ya yi abin da gawarwaki suka kasa. A bazarar 1858 aka yi zafi mai tsanani, kogi ya ja baya, taɓon ƙazanta ya kwanta a rana. Majalisar dokoki a bakin kogin take. Aka jiƙa labulen tagogi da sinadarin kashe wari, bai yi ba. Dokar da aka yi shekaru ana ja-in-ja a kanta, cikin kwana 18 ta wuce, aka ba da izinin ranto fam miliyan uku. Injiniyan da aka danƙa wa aikin shi ne Joseph Bazalgette.

Dabararsa ba ta da wuyar fahimta. Tsoffin magudanai suna gangarowa ne zuwa kogi daga arewa da kudu. Sai ya gina manya-manyan magudanai da suka ratsa su a gicciye, suna tare ƙazantar kafin ta isa ruwa, su tafi da ita gabas, can bayan gari, zuwa Beckton a arewacin kogi da Crossness a kudancinsa. Kimanin kilomita 130 na waɗannan manyan hanyoyi aka gina, da tubali miliyan 318. A tsakiyar birni ma cike bakin kogin ya yi, ya sa magudana da layin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a gefen juna, ya shimfiɗa titi a kansu. Mai tafiya a Victoria Embankment yau a kan wannan ginin yake takawa. Da kwalara ta sake ɓullowa a 1866, a gabashin birnin ta fi yin ɓarna, inda ba a gama haɗa aikin ba. Daga ita ba ta sake yi wa Landan irin wannan kamu ba.

Amma akwai wata ƙofa da Bazalgette ya bari a buɗe, kuma da saninsa ya bar ta. Ruwan sama da ƙazantar gida bututu ɗaya suke bi. Duk wanda ya taɓa ganin kwata ta cika a tsakiyar damina ya san abin da ke biyo baya: in ruwa bai sami hanya a gaba ba, baya yake komawa, cikin gidajen mutane. Don kada haka ta faru, sai aka yi wa magudanan bakuna a jikin katangar kogi. In suka cika maƙil, rarar ta tsallake wani ɗan shinge ta kwarara cikin Thames. A zamaninsa abu ne na sau ɗaya ko biyu a shekara, sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Birnin bai kai mutum miliyan uku ba a lokacin, shi kuma ya yi lissafin miliyan huɗu. Yau Landan ta kai kimanin miliyan tara. Filayen da ke shanye ruwan sama sun zama kwalta da siminti da rufin gidaje, har farfajiyar gida an daɓe ta an mai da ita wurin ajiye mota. Ko ba a yi ruwa ba, magudanan kusan a cike suke. Aka kai matsayin da yayyafin da bai wuce milimita biyu ba ya isa ya sa wasu bakunan su fara amai.

Bakuna 57 ne a tsawon kogin. Kafin a haƙa rami, a shekara mai matsakaicin ruwa suna zubar da tan miliyan 39 na gaurayen ƙazanta, kusan sau ɗaya a kowane mako. Kuma Thames a Landan ba kogin da ke wucewa da kaya ya tafi ba ne. Teku na turo ruwa sama sau biyu a rana sannan ta janye, don haka abin da aka zuba sai ya yi ta kai da komo a gaban birnin na makonni kafin ya fita. Ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazantar suna cinye iskar da kifi ke shaƙa. A watan Agustan 2004, bayan wani ruwa mai ƙarfi, dubban kifaye suka taso matattu. Haka aka sake gani a watan Yunin 2011. Hukuma har jiragen ruwa na musamman ta tanada, aikinsu kawai su riƙa hura iska cikin kogin in an yi ruwa. Kogin da aka sha wuya aka farfaɗo da shi bayan an yanke masa hukuncin mutuwa a 1957, ga shi ana yi masa numfashin roba.

An kafa kwamitin nazari a 2001 ƙarƙashin Farfesa Chris Binnie. A 2005 ya ba da shawara: a haƙa babban rami a ƙarƙashin kogi ya tare bakunan. Kuɗin da aka ƙiyasta a lokacin fam biliyan 1.7. Sai kuma ga bulala daga waje: a watan Oktoban 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Birtaniya ta karya dokar tace ruwan ƙazanta na birane, abin da ke iya jawo tara mai nauyi. A ganina wannan hukuncin ya yi wa gwamnati abin da wari ya yi wa majalisar 1858. A watan Satumban 2014 aka ba da izinin gini.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari shi ne, mutumin da ya fara ba da shawarar ramin shi ne daga baya ya juya masa baya. Hujjar Binnie ba ta wasa ba ce. Kafin a fara babban ramin an riga an yi ayyuka biyu: an faɗaɗa matatun ƙazanta guda biyar, an kuma haƙa wani gajeren rami mai kilomita 6.9 da ake kira Lee, daga tashar famfon ƙazanta ta Abbey Mills, a gabashin birnin, zuwa Beckton, wanda aka buɗe a watan Janairun 2016. Bakin Abbey Mills shi kaɗai ne ke zubar da kusan kashi 40 cikin ɗari na dukan ƙazantar. Da waɗannan biyun, tan miliyan 39 zai sauko zuwa kamar 18. Kuɗin babban ramin kuwa ya tashi zuwa fam biliyan 4.2. Binnie ya ce an riga an ci rabin yaƙin da kuɗi kaɗan, sauran rabin bai kai wannan farashi ba. Shi da wasu suka ce a bi ta tushe: a hana ruwan sama shiga magudana tun farko, da daɓen da ke tsotse ruwa, da lambuna a gefen titi, da ciyawa a kan rufin gini, irin hanyar da birnin Philadelphia na Amurka ya ɗauka a 2011. Masu goyon bayan rami suka amsa cewa ƙasar Landan yumɓu ce, ba ta shan ruwa da sauri, kuma kafin a tone kowane titi a birni mai wannan cunkoso an yi shekaru gommai, kogi na ci gaba da sha. Raba bututun ruwan sama da na bayan gida a dukan birnin kuwa, wanda shi ne maganin gaskiya, an lissafa an ga ya ninka kuɗin ramin sau da yawa.

Ni dai na fi karkata ga cewa ramin ya zama dole, amma Binnie bai yi ƙarya ba. Rami abu ne guda, mai kamfani guda da ranar gamawa, ana iya kai sarki ya buɗe shi. Lambuna dubu goma a ƙananan hukumomi talatin da ɗoriya ba su da uba ɗaya. Wannan ma ya shiga cikin ma'auni, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Mutanen unguwanni ma sun yi nasu faɗan, ba a kan ramin ba, a kan inda za a buɗe bakinsa. A shirin farko an so a kafa sansanonin haƙa a filayen shaƙatawa, irin su Barn Elms da King's Stairs Gardens. Mazauna suka tashi tsaye, aka mayar da su tsoffin matsayan jiragen ruwa, Carnwath Road a Fulham da Chambers Wharf a Bermondsey. Can ɗin ma akwai gidaje, su ne suka kwana da ƙarar injina na shekaru.

Yadda ake haƙa irin wannan rami, ga wanda ya taɓa tsayawa a kan masu haƙar rijiya, ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya. Da farko rijiyar ake yi, sai dai mai faɗin da za ta haɗiye gidan sama. A gindinta ake sauke injin haƙa gunduwa-gunduwa a harhaɗa shi. Gabansa wani faifan ƙarfe ne mai haƙora, faɗinsa ya kusa mita tara, yana juyawa a hankali yana gurzar ƙasa. Ƙasar da ya gurza tana bi ta cikinsa ta fita ta baya. In ya ci gaba kamar taku biyu sai ya tsaya, wani hannun ƙarfe ya ɗauko ɓangarorin kankare da aka riga aka zuba a masana'anta, ya jera su su zama zobe, kamar yadda ake sa wa rijiya kawanya don kada ta rufta. Sai injin ya tokare ƙafafunsa a jikin sabon zoben ya tura kansa gaba. Haka dare da rana. Babban sirrin shi ne matsin da ke gaban faifan: dole ya yi daidai da nauyin ƙasa da ruwan da ke sama. In ya yi kaɗan ƙasa ta zauna, ginin da ke sama ya tsage. In ya yi yawa ƙasa ta kumbura.

Injina shida aka yi amfani da su, kowanne da sunan wata mace da ta yi abin tunawa a yankin: Rachel, Charlotte, Millicent, Ursula, Selina da Annie. Ba ado ne ya sa aka yi shida ba, ƙasar ce ba iri ɗaya ba. A yamma yumɓun Landan ne, wanda masu haƙa ke so domin yana yankuwa kamar sabulu kuma ba ya yoyo. A tsakiya yashi ne da tsakuwa masu ɗauke da ruwa. A gabas farin dutsen alli ne mai ƙanƙarar dutse a ciki da ke cin haƙoran inji, don haka Selina da Annie irin waɗanda ke dama ƙasar da ruwa su turo ta ta bututu ne. Daga babbar rijiyar Kirtling Street a Battersea, Millicent ta nufi yamma, Ursula ta nufi gabas. An fara haƙa a 2018, aka gama a watan Afrilun 2022, sannan aka sake zuba wa cikin ramin rufin kankare na biyu, domin ƙazanta tana fitar da iskar da ke cin siminti, kuma in ramin ya cika ruwan yana tura bango daga ciki.

Me ya sa aka bi ƙarƙashin kogi? Domin bakunan da ake son tarewa a nan suke, kuma ƙarƙashin titunan Landan ya riga ya cika da layukan jirgin ƙasa, bututun gas, wayoyi da ginshiƙan dogayen gine-gine. Dole sabon ramin ya nutse ƙasa da su duka. A Acton, a yammacin birnin, inda ya fara, zurfinsa kamar mita 30 ne. Kafin ya isa Abbey Mills ya haura 60. Gangarar kaɗan ce ƙwarai, mita ɗaya a kowane mita 790, amma ta isa ta sa ruwan ya tafi da ƙafarsa ba tare da famfo ba. A gabashin hanyar akwai ramin da Marc Brunel ya haƙa tsakanin 1825 da 1843, na farko a duniya a ƙarƙashin kogin da jirage ke bi. Mita ɗari huɗu kacal, shekara 18, da ambaliya da asarar rayuka. Har yau jiragen ƙasa na bi ta cikinsa.

Abin mamaki, haƙar ba ita ta fi ba da wuya ba. Haɗa tsohon gini da sabo ne. A kowane baki sai an gina ɗaki a cikin kogi, a tare ruwan, a karkatar da shi zuwa wata rijiya. Ruwan da zai faɗo daga tsayin mita 40 ko 50 kai tsaye zai farfasa kankaren da ke ƙasa, don haka aka yi wa rijiyoyin maƙogwaro mai murɗa ruwa, yana gangarowa yana zagaya bango kamar yadda yake yi a mazurari, ƙarfinsa ya mutu kafin ya isa. A Blackfriars, inda tsohon rafin Fleet da aka binne ke fitowa, an tarar da manyan bututun gas na zamanin Sarauniya Victoria da ba su jure girgiza, sai da aka sake tsarin aikin, kuɗi ya ƙaru. Annobar korona ta ƙara wata tara. A Chambers Wharf kuma masu tono sun ci karo da ƙwarangwal ɗin wani mutum da ya shekara kamar 500 kwance rub-da-ciki a cikin taɓo, da takalman fata masu kaiwa cinya har yanzu a ƙafarsa. Ƙasar da aka haƙo, mafi yawanta ta jiragen dako aka fitar da ita a kan kogin, ba a tituna ba.

Ramin ba ya tace komai. Rumbu ne. In ruwa ya sauka, shi da ramin Lee suna iya riƙe kimanin tan miliyan 1.6 na ruwa. In sama ta ɗauke, manyan famfuna a Beckton su ɗago shi daga zurfin kusan mita 80 zuwa matata, a kwashe shi cikin kamar kwana biyu, a jira ruwa na gaba. A watan Maris na 2024 aka ɗora murfin ƙarshe mai tan 1,200 a Abbey Mills, aka fasa katangar da ta raba ramukan biyu, aka riƙa buɗe mahaɗai ɗaya bayan ɗaya har na 21 a watan Fabrairun 2025. Alƙawarin shi ne a rage zubar ƙazanta a wannan ɓangaren kogi da kashi 95 cikin ɗari. Ba ɗari bisa ɗari ba. In aka jera ruwa mai ƙarfi kafin rumbun ya sauke, tsoffin bakunan za su buɗe, ana sa ran sau uku ko huɗu a shekara.

Saura maganar da ta fi kowacce nauyi, wato wa ya biya. Ruwan Landan a hannun kamfanin Thames Water yake tun da aka sayar da hukumomin ruwa ga 'yan kasuwa a 1989. An miƙa shi ba bashi a kansa. Zuwa lokacin da ake maganar rami, bashi ya yi masa katutu, har ana ganin ba zai iya ɗaukar aikin ba. Masu suka suka ce da bai yi shekaru yana raba wa masu hannun jari riba ba, da da kuɗinsa zai gina. Gwamnati ta zaɓi wata hanya: aka kafa kamfani na daban, Bazalgette Tunnel Limited, aka ba shi lasisi a watan Agustan 2015, masu jari irin su Allianz da Dalmore da Amber suka zuba kuɗi.

An yi musu shimfiɗa biyu masu laushi. Ta farko, ba sai an gama aiki za su fara karɓar kuɗi ba. Tun ana haƙa aka fara ƙara wani abu a takardar kuɗin ruwan kowane gida. Ta biyu, gwamnati ta tsaya musu: in kuɗin aikin ya zarce wani mataki, ko aka yi babban haɗarin da kamfanonin inshora ba za su ɗauka ba, baitulmali zai shigo. Da haɗari ya ragu, sai masu jari suka yarda da ribar da ba ta kai kashi biyu da rabi cikin ɗari ba, daidai 2.497. Wannan lamba ita ta sauya lissafin duka. An fara gaya wa mutane cewa kowane gida zai biya ƙarin fam 70 zuwa 80 a shekara; bayan cinikin sai ya koma 20 zuwa 25. Ba siminti ne ya yi arha ba, ba a rage tsawon ramin ba. Kuɗin ruwan bashi ne ya sauka, saboda an ɗauke wa mai kuɗi fargaba an ɗora wa mai biyan haraji da mai biyan kuɗin famfo. Dabarar ta yi aiki, har gwamnati ta ɗauke ta ta kai wa tashar nukiliya ta Sizewell C. Sai dai mutumin garin Oxford ko Swindon, can wajen Landan, wanda bai taɓa zuba ko kofi ɗaya a magudanar Landan ba, shi ma yana biya, domin duk wanda Thames Water ke kwashe wa ƙazanta an sa shi a ciki. Tsohuwar da ta fara biya a 2016 ta rasu a 2022 kuwa ta sayi abin da ba ta gani ba.

An tsara ramin ya yi shekara 120. Bututun da ke sama da shi har yanzu guda ne, ruwan sama da bayan gida na tafiya tare, birnin na ƙara cika, kuma ruwan da ke sauka a kudancin Ingila yana ƙara zuwa da ƙarfi a lokaci guda. Can sama da Acton, matatar Mogden ba ta cikin wannan rami, in ta cika kogi take zubarwa. Makonni uku bayan sarki ya tafi, a ƙarshen watan Mayun 2025, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa, Ofwat, ta ci Thames Water tarar fam miliyan 122.7, mafi yawanta a kan yadda yake tafiyar da matatunsa da magudanansa, sauran a kan ribar da ya raba ba bisa ƙa'ida ba. Wannan kamfanin ne ke riƙe da famfunan Beckton da ke kwashe ramin.